Tafiya Ta Ashirin A Katin Direba

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Shekaranjiyan nan na yi ta neman hulata ina zagin jikoki, ashe tana kaina. Amma akwai abu guda da ko an wanke mini kai da sabulun salo ba zai fita ba, shi ne shekarar da na ari sunan mamaci na shiga jirgin sama da shi. Na daɗe ban ba kowa labarin ba, don ni ne ɓarawon da ke cikinsa. Yanzu da haƙora suka zube, kunyar ma ta bi su, sai ku saurara.

Ni haifaffen Kafanchan ne. Kakana layin dogo ya biyo da tallan goro, ya ga wuri ya zauna. Boko kuwa aji uku na yi. Ranar da malamin lissafi ya zuba mini bulala shida na ce ya riƙe sauran ilimin, na fita ta taga. Lambobi na sani, sunana na sani, amma in aka miƙo mini takardar Turanci sai in riƙe ta da muhimmanci in ce na baro tabarau a gida. Sana'ata dillancin citta ce. In kaka ta yi sai in bi ƙauyuka, in duba wadda aka tsaga aka shanya, in gutsura in ji zafinta, in haɗa mai gona da mai saye.

Babban mai sayena, kuma aminina, wani tsohon direban jirgin ƙasa ne, Kirista, mutumin wani ƙauye a bayan Fadan Kagoma. Da aikin reluwe ya fara mutuwa sai ya ajiye ya shiga cinikin citta, yana kai wa masu fitar da ita waje a Legas. Kowa Direba yake ce masa. Dogo ne, baƙi, kullum da agogon aljihu mai sarƙa, kullum yana ƙamshin man zafin da yake shafa wa gwiwoyinsa. Lokacin da garinmu ya yamutse a shekarun baya, matata da 'ya'yana a ɗakin matarsa can ƙauye suka kwana uku, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa. Ku riƙe wannan a ranku, don ku san girman abin da na aikata daga baya.

A wajen tsakiyar shekarun casa'in akwai wani kamfanin jirgin sama da ke tashi daga Jos zuwa Legas, ya daɗe da rufewa yanzu. Su ne suka fito da wani kati na roba, shuɗi, mai suna da lamba. Duk tafiyar da ka yi sai ka miƙa katin a kanta, su shigar da lambar a kwamfuta, a rubuta maka tafiya ɗaya. Zuwa ɗaya, dawowa ɗaya. In ka tara ashirin sai a ba ka tikitin zuwa da dawowa kyauta, ko kai ka hau ko ka rubuta sunan wanda kake so ya hau. Direba ya ɗauki katin nan kamar takardar fansho. A aljihun agogo yake sa shi.

Ni na koya masa dabarar cika shi da wuri, don a harkar ha'inci ban taɓa buƙatar tabarau ba. A lokacin ba mai tambayarka shaida in cikin ƙasa za ka, wanda ya riƙe tikiti shi ne mai shi. Na ce masa, "Oga Direba, gwiwoyinka sun gaji. Ka riƙa yankar tikiti da sunanka, ni in je in raka kaya, katinka yana cika kana kwance." Ya yi ta dariya ya ce ni shaiɗan ne mai hula, amma ya yarda. Haka muka riƙa yi, wata tafiyar shi, wata ni. Har 'yan kasuwa suka laƙaba mini Alhajin Legas, tunda iyakar hajjina ke nan.

Akwai wata mata a kantar kamfanin a Jos, gajeriya mai wushirya, ta san mu duka biyu, ta kuma san abin da muke yi. In na miƙa tikiti sai ta kalli sunan, suna irin nasu na coci wanda ko faɗinsa ban iya daidai ba, ta kalli hulata da tabon sallah a goshina, ta ce, "Oga, wannan sunan da wannan hular?" In ce, "Madam, a gidanmu kowane iri akwai." Ta yi dariya ta buga lambar.

Direba bai taɓa ɓoye mini abin da yake tarin tafiyar dominsa ba. 'Yarsu tilo tana aure a Legas, tana da ciki, matarsa kuma, wadda duk muke kira Mama, tana da ciwon baya da ba ta iya zaman mota na yini guda. Da irin Hausarsu yake ce mini, "Mutumina, shekara talatin ina jan jirgin ƙasa, ko sau ɗaya ban ɗauki matana ba. Wannan karon zai hau na sama. Zai je ya yi wa yarinya wanka, ya ga jika." In ya faɗi haka sai ya ciro agogo ya duba, kamar jirgin na jiransa a tasha.

Kati na kan tafiya goma sha bakwai Direba ya kwanta. Kwana biyar ya yi a asibiti, ya cika. Aka kai shi ƙauye aka binne shi yadda suke yi, a cikin gida, bayan ɗakinsa, aka shafe kabarin da siminti. Ina cikin waɗanda suka kama akwatin. Na yi kuka na gaskiya, wannan kam ba wanda zai ƙwace mini. Amma ina kukan nan katin yana aljihun rigata, don ni na yi tafiyar ƙarshe, ban kuwa ciro shi na ba Mama ba. Na ce wa kaina ba ranar maganar kati ba ce. Bayan sati biyu 'yar ta haihu a Legas, namiji, aka sa masa sunan kakansa. Nan ma ban ciro ba.

Abin da zuciyata ta raya mini shi ne saura uku kacal. Ina da kayan da zan raka, zuwa da dawowa biyu ke nan, in ƙara ɗaya, banza ta faɗi. Kada ku ɗauka wani babban abu zan yi da tikitin. So nake sau ɗaya a rayuwata in je Legas ba buhu a gabana, in sa babbar riga in tsaya a bakin teku a ɗauke ni hoto. A kan hoto na ci amanar mutumin da ya tsare mini iyali. In aka ce muku wauta tana da iyaka, ku ce kun san wani tsoho a Kafanchan.

Sati uku da binne shi na yanki tikiti da sunansa. Da hantsi na isa filin jirgi, rana tar, ba abin tsoro ko ɗaya. Mai wushirya ta karɓi katin ta ce, "Ina mai sunan? Kwana biyu ban gan shi ba." Bakina ya riga hankalina, na ce, "Yana gida, yana hutawa." Ta ce in gaishe shi. Na ce zai ji.

Ina zaune ina jira sai aka kira sunan a lasifika, wai in zo in nuna jakata. Sau nawa aka kira ni da sunan nan ina amsawa ina murmushi? Amma ranar da na ɗaga hannu na ce "Ga ni," sai na ji kamar mu biyu muka faɗa. Muryata ce, amma akwai wata a ƙarƙashinta, mai kauri. Na waiga, ba kowa a bayana sai wata mata tana ba yaro nono. Na ce yunwa ce, na sayi gyaɗa.

Jirgi ya cika maƙil, har ana gardamar wurin jaka, amma kujerar da ke kusa da ni, ta bakin taga, ba kowa. Nan Direba yake son zama, yana cewa direba ba ya tafiya bai ga hanya ba. Na lura bel ɗin kujerar a ɗaure yake. Na ce masu shara ne suka ɗaure. Aka rufe ƙofa, wata ma'aikaciyar jirgi ta taho tana ƙirga kawuna, tana taɓa bayan kujeru da yatsa. Ta zo layinmu ta taɓa tawa, ta taɓa ta bakin taga, ta wuce. Can ta dawo fuska a ɗaure, ta yi magana da abokiyar aikinta, suka sake ƙirgawa su biyu. Wani mutum a gabana ya tambaya, ta ce masa lissafinsu ya fi na takarda da mutum ɗaya. A karo na uku da ta zo layinmu ta ɗaga yatsa za ta taɓa kujerar taga, sai ta tsaya. Ta kalli kujerar, ta kalle ni, ta mai da hannunta. Lissafi ya yi daidai, jirgi ya tashi.

Muna shiga gajimare ƙamshin man zafi ya taso. Ba irin wanda ke zuwa ya wuce ba, ya zauna kusa da ni. Na ce ai jirgi cike yake da tsofaffi masu ciwon gwiwa. Na runtse ido na kama karanta duk abin da na sani, ga shi abin da na sani ba yawa, sai na yi ta maimaita guda. Kafaɗata ta hagu ta yi sanyi har muka sauka. Ban kalli tagar nan ko sau ɗaya ba, don tsoro nake kada in ga wani yana kallon hanya.

Na yi kwana biyu a Legas na sallami kaya. Da zan dawo gabana na faɗuwa, amma ba abin da ya faru. Aka ƙirga sau ɗaya. Kujerar taga wani ƙaton ɗan kasuwa ne a kai, ya yi ta minshari yana danne ni, ban taɓa jin daɗin minsharin mutum irin na ranar ba. Da motarmu ta gangaro Hawan Kibo har waƙa nake yi. Na ce a raina, ko mene ne ya bi ni, na baro shi a Legas. Kati ya kai goma sha tara. Na sa shi a ƙarƙashin tabarma na ce sai zuciyata ta kwanta zan yi ta ƙarshen.

Ga inda jahilcina ya kama ni. Kamfanin nan yakan aiko wa Direba wasiƙa lokaci-lokaci, ta akwatin wasiƙun cocinsu, kamar yadda duk ƙauyen ke karɓar tasu. Na sha ganin ambulan ɗin a hannunsa, mai hoton jirgi, na ɗauka talla ce. Ban taɓa tambaya ba, don kada a gane ban iya karantawa ba, abin da kowa ya riga ya sani. Ashe a ciki suke jera duk tafiyar da aka yi da katin, rana da wata, daga ina zuwa ina.

Bayan kamar wata guda aka aiko mini in zo ƙauye maza. Na hau babur na tafi da safe. Tun daga bakin gida na san ba lafiya. Citta a shanye a kan dutse ba mai juya ta. Matan zumunta na coci sun cika tsakar gida, ba mai waƙa, ba mai magana. Mama tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, ta rame kamar ba ita ba. A gefen kabarin kuwa ga diga biyu da shebur a jingine, ga maza a tsaye.

Wan Direba, wani tsoho mai sanda wanda shi ne babban gidan, ya nuna mini kujera. Fasto yana gefe riƙe da ambulan mai hoton jirgi. Tsohon ya ce, "Abokin ƙanena, kai ka kama akwati da hannunka. Da nauyi ko babu?" Na ce, "Baba, da nauyi mana." Ya ce, "To takarda ya zo. Mutum da muka binne yana hawan jirgi. Yana zuwa Legas."

A wajenmu, Musulmi da Kirista, ba wanda bai taɓa jin labarin wanda ya mutu aka gan shi a wani gari yana harkarsa ba. Ana cewa wanda ya tafi da abu a ransa ba ya kwanciya. Mama ta ɗauka ita ce sanadi, don sun yi 'yar faɗa kwana biyu kafin ya kwanta, ba su shirya ba. Kwana huɗu ke nan ba ta sa komai a bakinta ba. Dattawa suka yanke a fasa simintin a buɗe a gani, in yana nan a san abin yi, in ba ya nan a san abin yi. Fasto ya yi ta roƙonsu. Ya ce, "Baba, cikin sunan Yesu ku bar matacce ya huta. Ni zan je Jos in tambaya." Tsohon ya ce, "Fasto, coci naka ne, kabari namu ne. Jos bai binne shi ba, mu muka binne."

Ina so in ce muku nan take na miƙe na faɗi gaskiya. Ƙarya ne. Zama na yi ina lissafi. Na ce in sun buɗe za su same shi, hankali ya kwanta, ni kuma ba wanda zai sani. Har gyaɗa kai na yi kamar mai tausayi. Ina zaune wani ya ɗauki diga ya ɗaga, ya sauke a kan simintin. Ƙarar ba ta da yawa, amma Mama ta yi wani irin nishi, ta dafe kunnuwanta da hannu biyu. A ɗakin da take jingine da bangonsa 'ya'yana suka kwana uku. Iska ta kaɗo, ko daga ɗakinsa ne da ke buɗe ko daga ina, ƙamshin man zafi ya doki hancina.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ce, "Ku tsaya! Baba, a ajiye digar nan. Ba shi ba ne, ni ne." Na cire hula, na durƙusa a gaban Mama, na faɗi komai tun daga dabarar da na koya masa har zuwa hoton bakin teku. Da na zo wurin hoton wata daga cikin matan zumunta ta kasa riƙe dariya, ta toshe baki da zane. Tsohon ya kalle ni ya ce, "Kai da sallah biyar a rana, ka rasa abin sata sai sunan gawa? Da akuya ka sata da mun san yadda za mu yi da kai." Na ce, "Baba, duk abin da ka faɗa kaɗan ne." Mama kuwa ta sauke hannuwanta daga kunne.

Fasto ya yi ajiyar zuciya ya ce Ubangiji ya warware. Ya buɗe takardar don ya rufe maganar, ya ce, "To Malam, duka ukun kai ne ke nan." Na ce, "Uku? Biyu dai, Fasto. Zuwa da dawowa." Ya ce uku ne a rubuce. Ya karanta ta farko, Jos zuwa Legas, na ce ni ne. Ta biyu, Legas zuwa Jos, na ce ni ne. Ya karanta ta uku, kwana tara bayan dawowata. Na rantse da abin da zai kashe ni ban je ko'ina ba, katin yana ƙarƙashin tabarmata. Kafin tsohon ya ce ƙarya nake, ɗaya daga cikin matan ta ce ai ranar ina nan gidan, ranar kasuwarsu ce, ni na auna cittar Mama a bakin ƙofa. Kowa ya tuna. Fasto ya juya takardar, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce sun rubuta tafiya ashirin ta cika, ga takardar tikitin kyauta a haɗe, kuma sunan Mama ne a kai, wai kamar yadda mai katin ya nema a kantarsu ta Legas.

Ko kaji sun daina tono. Tsohon ya juya ya kalli mai diga, na ga bakinsa zai buɗe. Sai Mama ta yi magana, karon farko tun zuwana. Ta ce, "Fasto, na ukun nan, daga ina zuwa ina?" Ya ce, "Daga Legas zuwa Jos, Mama." Ta ce, "Akwai wani bayan shi?" Ya ce babu.

Ta dafa bango ta miƙe. Ta ce, "To ku ajiye diga. Gida ya dawo." Ta juyo gare ni ta ce, "Alhajin Legas, kai ka kira shi. An kira sunansa ka amsa, ya tashi ya bi ka, ka je ka bar shi a garin mutane. Ya tsaya ya ga jika, ya gama aikinsa, ya kawo kansa gida. Ranar nan da kana auna citta, ba ka ga kare ya tashi da la'asar yana kaɗa wutsiya a bakin ƙofa ba kowa ba? Ni na gani. Mijina bai taɓa makara ba." Ta ce wa tsohon, "Baba, wanda ya dawo daga tafiya ba a tashinsa." Tsohon ya nuna wa mazan ƙofa da sandarsa. Mama ta ce a kawo mata kunu.

Ni aka sa na sayo siminti na toshe inda diga ta fasa, da hannuna, matan zumunta suna kallo suna gyara mini aiki. Ni aka kuma ɗora wa kai Mama filin jirgi. A hanya na yi ta ƙoƙarin samo wa abin dalili, don na fi son dalili. Na ce mata wataƙila kwamfuta ce ta yi kuskure, ko wani ne lambarsa ta yi kama da tamu, sunanta kuma wataƙila tuntuni ya rubuta. Ta ce, "Wataƙila," tana kallon hanya.

Muka isa kantar kamfanin a Jos. Mai wushirya ta karɓi takardar, ta kalli sunan, fuskarta ta washe. Ta ce, "A'a, Mama ce! Sannu da zuwa. Oga bai rako ki ba? Ai ranar da ya sauko daga Legas ya tsaya nan ya ce mini matarsa na nan zuwa, in kula da ita, ba ta taɓa hawa ba. Har ya ce in ba ki bakin taga." Na kama bakin kantar. Na buɗe baki zan yi magana, Mama ta mintsine ni a hannu har sai da wurin ya yi tabo. Ta yi wa matar murmushi ta ce, "Yana gida, 'yata. Yana hutawa."

Na tsaya a bakin shingen waya har jirgin ya shige gajimare. Watanta uku a Legas. Da ta dawo na kai mata katin, ta sa aka haƙa ɗan rami a gefen kabarin aka binne. Ta yafe mini, amma har ta bar duniya in na shiga gidan sai ta ce, "Wa ke sallama? Da wane suna ka zo yau?" Ban sake hawa jirgin sama ba. Tekun ma ban gani ba har yau, sai a kalanda.

Na sha zama da malamai da masu boko, kowa da abin da yake cewa a kan tafiya ta ashirin ɗin nan, ni kuma aji uku na yi, ba ni da ta cewa. Abin da na sani shi ne abin da ya shafe ni. Alkawarin da mutum ya ɗauka ba ya shiga kabari tare da shi, yana nan a hannun wanda ya sani, in ka zauna a kansa to wa ya san wanda zai taso ya cika. Suna kuma ba riga ba ce da za ka ara ka mayar. Tun daga ranar, ko a layin asibiti aka kira suna mai kama da nawa, sai na bari an sake kira, na tabbata ni ake nufi, na kuma saurara na ji muryata kaɗai ce za ta fita, sannan in ce ga ni.